Ƙafafun Tokare na Mota Mai Ɗaki: Tambayoyi da Amsoshi

Mota mai ɗaki, wato wadda aka haɗa mata gado, kicin da banɗaki a bayan kujerar direba, tana da wata ɗabi'a da kan ba sabon shiga mamaki. An faka, an kashe inji, an ja birkin hannu, amma da wani ya juya a kan gado sai a ji motar gaba ɗaya tana lilo, ruwan da ke cikin kofi yana kaɗawa. Saboda wannan lilon ne ake ɗaura ƙafafun tokare a kusurwoyin motar. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wai mene ne ƙafafun tokare, kuma me ya sa mota ke lilo alhali tana tsaye?

Birki tayoyi kawai yake riƙewa. Jikin motar kuwa ba a kan tayoyi yake zaune kai tsaye ba, a kan sifirin yake, shi kuma sifirin an yi shi ne don ya lotsa ya dawo. Ita ma tayar roba ce cike da iska. Duk motsin da aka yi a ciki sai waɗannan biyun sun amsa shi.

Abin ya fi tsanani a baya, domin jikin irin wannan mota yakan zarce tayoyin baya da nisa, kuma a can ne aka fi sa gado. A ce tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4 ne, jikin kuma ya zarce baya da mita 2. Idan mutum mai kilo 80 ya tsaya a can ƙurya, tayoyin baya za su ji ƙarin kilo 120, na gaba kuma su sami sassaucin kilo 40. Da ya taka zuwa gaba sai lissafin ya juye. Wannan sauyin nauyin ne ake ji kamar ana cikin kwalekwale.

Ƙafar tokare ƙarfe ce da ake saukewa daga shasi zuwa ƙasa, ta haɗa su kai tsaye, ta yadda kusurwar ba za ta sami damar lotsawa ba. Iri biyu aka fi gani. Akwai mai dogon ƙarfe mai tiredi kwance a ƙarƙashin mota, idan an murɗa shi sai noti ya bi tiredin yana tura ƙafar ta sauko a karkace. Akwai kuma wadda ake saki ta faɗo a tsaye, sannan a murɗa ta ƙara tsawo har ta taɓa ƙasa. Tirelar kwana da ake ja da wata mota tana da huɗu, mota mai ɗaki kuwa galibi biyu ne a baya, tunda nauyin inji ya riga ya danne gaba.

Dole ne kowace mota ta kasance da su?

A'a. Ƙaramar mota da aka gyara cikinta ba tare da an sake mata jiki ba, wadda bayanta bai zarce tayoyi sosai ba, sau da yawa ba ta buƙata. Waɗanda suka fi amfana su ne masu dogon baya, masu gado a can ƙurya, masu ɗaukar kekuna ko babur a baya, da iyalin da ke da yara masu hawa da sauka. Wasu lilon ba ya damunsu ko kaɗan, sukan yi shekaru ba su sauke ƙafafun ba, kuma babu abin da hakan ke yi wa motar.

Wurin da na faka ya karkata. Zan iya murɗa ƙafa ɗaya ta ɗaga wancan ɓangaren?

Kada ka yi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane lalata ƙafafun, kuma ɓarnarsa ba ta tsayawa a kansu.

Yawancin motocin nan sukan kai kilo 3,500 idan an cika su da kaya, kuma fiye da rabin nauyin yana kan tayoyin baya. Ƙafar tokare tana da adadin nauyin da aka rubuta mata, amma adadin na abin da za ta iya tokarewa ne tana tsaye cik, ba na abin da za ta ɗaga ana murɗa ta ba. Bambancin yana da girma. Idan ana murɗawa da nauyi a kai, tiredi da noti suna gogar juna da ƙarfi, notin kuma sau da yawa ya fi ƙarfen taushi. Sai tiredin ya cinye, ko ɗan fil ɗin da ke riƙe da kan da ake sa hannun murɗi ya karye, ko ƙafar kanta ta lanƙwashe.

Wannan ma da sauƙi, domin ƙafa ana sayen wata. Babbar matsalar tana inda aka ɗaure ta. Ƙarshen bayan motar yawanci ƙarin shasi ne, ƙarfe marar kauri da aka tsara don ya ɗauki ƙasan ɗaki daga sama. Ba a yi shi don a tokare shi daga ƙasa a ɗaga tan guda ba. Idan aka ɗaga kusurwa ɗaya, jikin motar sai ya murɗe kamar kwalin da aka danne gefensa. Bangon ɗakin allo ne mai falle uku da aka manne da gam, mahaɗarsa kuma an toshe ta da danƙo don kada ruwa ya shiga. Murɗewar na iya buɗe wannan mahaɗa ba tare da ido ya gani ba. Sai bayan damina ɗaya ko biyu a ga bango ya yi danshi, katakon ciki ya fara ruɓa, mai motar kuma ba zai taɓa tunanin daga ƙafar tokare abin ya samo asali ba.

Akwai kuma batun birki. Birkin hannu tayoyin baya yake kamawa. Duk nauyin da ka ɗauke daga kansu ka rage musu riƙon ƙasa ke nan, a daidai wurin da yake gangare.

To yaya ake yi idan an iso wurin kwana? Me ke gaba, me ke baya?

Da tayoyi ake daidaita mota, ƙafafun su ne na ƙarshe.

Fara da zaɓen wuri. Sau da yawa matsawa gaba da mita ɗaya, ko juya kan motar, ya isa ya kawar da rabin karkatar. Motoci da yawa da aka gina a kan Fiat Ducato da 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper sukan ɗan duƙar da kai ko a ƙasa mai shimfiɗe, don haka fuskantar ɗan tudu kan taimaka musu.

Ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ƙasan ɗaki, kusa da tsakiya, ka duba gefe da gefe, sannan gaba da baya. Kada ka ɗora shi a kan tebur sai ka tabbatar teburin kansa daidai yake da ƙasan. Don ka san yawan abin da za a ɗaga: karkatar digiri ɗaya tak tana nufin kusan santimita 7 a tsawon mita 4, da wajen santimita 3 a faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama.

Sa matakan roba, waɗanda taya ke hawa don motar ta ɗagu, a gaban tayar ɓangaren da ya yi ƙasa, ko tayoyin biyu idan gaba ko baya ne ya duƙa. Galibi suna da hawa uku ko huɗu, daga kusan santimita 4 zuwa 10 ko sama da haka. Hau a giya ta ɗaya, a hankali, wani yana tsaye a gefe inda kake ganinsa a madubi, ba a gaban mota ba. Idan ka wuce hawan da kake so, koma ƙasa ka sake hawa. Ja birkin hannu sosai kafin ka ɗage ƙafa daga birki, ka bar motar a giya, ko a P idan mai canza giya da kanta ce. Saki birkin ƙafa a hankali ka bari motar ta zauna, domin takan ɗan motsa santimita ɗaya ko biyu. Sa weji.

Idan akwai sifirin na iska a baya, yanzu ne za a saita shi. Idan za a cika tankin ruwa, yanzu ne. Idan za a juya kujerar direba ta fuskanci ɗaki, a juya ta yanzu. A wasu motocin sandar birkin hannu tana tare kujerar, sai an ɗan sauke birkin kafin ta juya, kuma idan ƙafafun suna ƙasa a lokacin, ɗan gangarawar da motar za ta yi ya isa ya lanƙwasa su.

Sai bayan duk wannan a shimfiɗa katako a sauke ƙafafun.

Har ina zan murɗa?

Har ƙafar ta taɓa katakon, ka ji hannun murɗin ya yi nauyi. Daga nan ƙara rabin zagaye, iyaka zagaye ɗaya. Sauke duka biyun su taɓa ƙasa tukuna, sannan ka matse su bi da bi, don kada ɗaya ta ɗauki komai.

Gwaji biyu ne. Shuri katakon da gefen takalmi: idan ya motsa, da saura. Sannan ka dubi tazarar da ke tsakanin saman taya da jikin mota: idan ka ga ta buɗe har ido na iya ganewa, ka wuce wuri, ka sassauta. Idan ka kai ga riƙe hannun murɗi da hannu biyu kana nishi, ɗaga mota kake yi.

Me ya kamata a sa a ƙarƙashinsu?

Wani abu mai faɗi, kullum, ko da a kan kwalta ne. Tafin ƙafar ƙarami ne. Idan faɗinsa santimita 8 ne ta kowane gefe kuma ya ɗauki kilo 300, kowane santimita murabba'i na ƙasa yana jin kusan kilo 5. Sa katako mai santimita 25 ta kowane gefe, sai abin ya koma rabin kilo. Ninki goma ke nan. A kan ciyawa, yashi ko ƙasar da ta sha ruwa, wannan shi ne bambancin ƙafar da ta kwana a tokare da wadda ta nutse kafin tsakar dare. Kwalta ma takan yi laushi da zafin rana, ƙafar ta bar rami.

Falankin katako mai kaurin santimita 2 zuwa 3 ya wadatar, kuma wanda aka manna falle-falle ya fi, domin ba ya tsagewa ta bin jijiya. Akwai na roba da ake sayarwa, wasu ma ana maƙala su a jikin ƙafar dindindin. Waɗannan suna da amfani, sai dai a tabbatar ba sa reto har su taɓa ƙasa idan ana tafiya. Bulo da dutse a bar su: bulo yakan fashe farat ɗaya ba gargaɗi, ƙarfe kuma yana zamewa a kan dutse.

Ƙasa ta yi nisa, sai na murɗa ƙafar har ƙarshe kafin ta taɓa. Akwai matsala?

Akwai. Hakan kan faru idan an hau da tayoyin baya kan matakai. Ƙafar da ta miƙe har ƙarshe notinta yana bakin tiredi, kuma tsawon ya sa tana rawa gefe da gefe, sai ta kasa yin aikin da aka sauke ta don shi. Ƙara katako a ƙasa. A jera shi da faɗi, babba a ƙasa ƙarami a sama, ba siririn tsibi mai tangaɗi ba.

Akasin haka ma ba shi da kyau ga mai saukowa a karkace. Idan ƙasa ta yi kusa har ƙafar tana kusan kwance, ƙarfin da ke bi ta kan tiredin yakan ninka nauyin da ke kanta sau da yawa. Ta fi ƙarfi idan ta sauko wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku na iyakarta, karkatarta kusan digiri 45.

Na matse su da yamma, da safe na tarar ɗaya ta saki. Wata rana kuma sun ƙi murɗuwa sam. Me ke kawo haka?

Nauyi ne ya sauya bayan an tokare, ko ƙasa ta zauna.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 100 da aka cika bayan an sauke ƙafafun, kilo 100 ne da sifirin ya kamata ya ɗauka, amma tunda an hana shi lotsawa sai ƙafafun su ɗauka. Haka idan an mayar da babur ko kekuna baya ana shirin tafiya kafin a ɗage su. Sifirin na iska da ke yoyo kaɗan-kaɗan ya fi kowanne muni: cikin dare iskar na fita, bayan motar na sauka, gari na wayewa nauyin duka yana kan ƙafafu biyu. Idan ka tarar da haka kada ka yi kokawa da hannun murɗi. Hura iskar tukuna, ko sauke kayan, ƙafar za ta saki da kanta.

Sakin kuma yakan zo ne idan an sauke kaya, an zubar da ruwan wanke-wanke, ko ƙasa ta lotsa. Ba abin damuwa ba ne. Duba su bayan awa ɗaya da sauka, ka sake dubawa washegari da kuma bayan ruwan sama, ka ƙara rabin zagaye inda ake buƙata.

Na sauke su yadda ya kamata amma har yanzu ina jin motsi.

Ba za su kashe motsin duka ba. Ƙafa biyu a baya suna hana lotsawar baya da yawancin lilon gefe. Gaba yana nan a kan sifirinsa, don haka mai shiga ta ƙofar direba zai girgiza motar. Motsin gaba da baya kuma daga tayoyi yake, ƙafafun ba su da ƙarfi ta wannan fuskar. Maganinsa weji a gaba da bayan taya ɗaya, a buga su su kama sosai.

Idan motsin ya wuce misali, duba matakin ƙofa. Wanda yake maƙale a jikin mota yana jan gefen ƙasa duk lokacin da aka taka shi, ɗan tokari a ƙarƙashinsa ko matakin da ke zaune a ƙasa yakan rage abin sosai. Duba kuma mahaɗun ƙafar. Idan ramukan fil sun buɗe saboda tsufa, za ka ga tafin yana zaune daram amma saman ƙafar yana wasa. Ana iya ƙara ƙananan tokarai masu zaman kansu, masu siffar dala da tiredi a ka, a ƙarƙashin wuraren da aka ware don jak. Su ma dokarsu ɗaya: su taɓa, a ɗan matse.

Tun da na tokare motar ƙofar ɗaki take cijewa.

Jikin ya murɗe. Ɗaya daga cikin ƙafafun ta ɗauki fiye da 'yar uwarta. Sassauta duka biyun har su bar ƙasa, gwada ƙofar, sannan ka sake saukewa. Ƙofar banɗaki da ta kabad ma sukan nuna wannan alamar, wani lokaci kafin ta waje.

Ya zama dole motar ta daidaita sosai? An ce saboda firji ne.

Ya danganta da firjin. Irin wanda ke aiki da gas ba shi da injin tura ruwan sanyi. Zafi ne ke ɗaga ruwan amoniya sama, sannan ya gangaro da kansa ta cikin bututu masu ɗan karkata. Idan motar ta karkata da yawa sai ruwan ya taru wuri ɗaya, sanyi ya ragu, kuma idan aka daɗe a haka tukunyar da ke dafa ruwan takan yi zafi fiye da kima ta lalace. Abin da masu ƙera shi suka fi bayarwa shi ne kada a wuce kusan digiri 3, wato wajen santimita 10 a faɗin mita 2. Karkata ce da kai ma za ka ji ta a jikinka idan ka kwanta. Firji mai kwamfureso bai damu da wannan ba. Ruwan wanka da ke taruwa nesa da magudana, da mai da ke gudu gefe ɗaya a kasko, su ma dalilai ne, amma duka da matakan taya ake gyara su.

Taya ta yi faci. Ba zan iya ɗaga motar da su in canza ba?

A'a, ko kusa. Jak ake sawa a wurin da littafin motar ya nuna, a ƙasa mai tauri, da weji a tayar da ke ɗaya kusurwar. Ɗage ƙafafun kafin ka fara, domin idan ka ɗaga gefe ɗaya nauyi yana komawa ɗaya gefen, kuma idan ka zo sauke motar za ta iya zama a kan ƙafar. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ba a ɗora ta a kan tokaran ƙarfe na gareji ba.

Murɗawa da hannu na gajiyarwa. Injin huda mai batir fa?

Yana yi, kuma mutane da yawa da shi suke amfani. Kan ƙarfen galibi mai kusurwa shida ne na milimita 19, amma auna naka kafin ka sayi soket. Sa injin a ƙaramin gudu, ka juya zoben ƙarfinsa zuwa ƙasa ta yadda zai riƙa zamewa da zarar ƙafar ta taɓa. Matsewar ƙarshe da hannu za a yi ta, don hannu ne ke jin nauyi. Wajen ɗagewa ma a tsaya kafin ƙafar ta daki ƙarshe.

Injin kwance noti mai bugu kuwa, kada ya kusance su. Bugunsa yana karya fil, yana cinye noti cikin daƙiƙa kaɗan.

Wace kulawa suke buƙata?

Suna zaune ne a inda tayoyin baya ke watsa musu ruwa, laka da tsakuwa. Sau biyu a shekara a sauke su har ƙarshe, a wanke, a goge tiredin da buroshin waya, a cire tsohon giris da ya haɗu da ƙasa ya zama kamar sandfefa. Sannan a shafa sabo kaɗan, a murɗa sama da ƙasa sau biyu ya ratsa. A ɗiga mai a mahaɗai. Inda ƙura ta yi yawa, man feshi mai bushewa ya fi giris, don ƙasa ba ta manne masa. Inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, ko a bakin teku, wanka da ruwa mai daɗi bayan kowace tafiya shi ke hana tsatsa.

Ƙafar da ta daɗe ba a taɓa ba har ta cije, a fesa mata man da ke ratsa tsatsa a bar ta ta kwana, sannan a riƙa murɗawa gaba da baya kaɗan-kaɗan. Kada a ƙara wa hannun murɗi bututu don a sami ƙarfi. Dogon ƙarfen da ya lanƙwashe za ka gane shi: yana nauyi yana saki a kowane zagaye. Miƙar da shi ba ya ɗorewa, canzawa ake yi. A duba notocin da suka ɗaure ƙafar a shasi su ma.

Me zai faru idan na manta na ja motar suna ƙasa?

Mafi sauƙi, ƙafar ta ja ƙasa ta lanƙwashe. Idan ta sami abin da ta tokara, takan fizge maɗaurinta, ta lanƙwasa ƙarin shasin, wani lokaci har ta tsaga ƙasan ɗaki ko ta fasa tankin ruwa da ke kusa. Wannan mantuwar ta fi samun wanda ya saba, ba sabon shiga ba, kuma ta fi zuwa ranar da ake sauri ko ana ruwa.

Dabarar da ta fi aiki ita ce a ajiye hannun murɗin a kan kujerar direba ko a jingine shi a sitiyari duk lokacin da ƙafafun ke ƙasa. Ba yadda za a yi ka zauna ba ka gan shi ba. Wajen tashi kuma ana bin tsarin sauka ne a juye: ƙafafu su fara hawa, a matse su a sama don kada jijjiga ta sassauto su, a kwashe katako, a cire weji, sannan a sauko daga matakai. Sauka daga matakai ƙafafun suna ƙasa shi ne ya fi ɓarna, domin motar za ta faɗo a kansu da nauyinta duka.

Motata ba ta zo da su ba. Ana iya ɗaurawa daga baya?

Ana iya yi, idan akwai wurin da ya dace. Wasu shasin, kamar na kamfanin AL-KO na Jamus da ake haɗawa da kan Ducato, suna da ramukan da aka tanada da maɗaurai na musamman. A nan aikin ɗaure noti ne kawai. Inda babu, sai an ƙera maɗauri, kuma wannan aikin wanda ya san shasi ne. Kada a huda shasi ko a yi masa walda ba da izinin maƙerinsa ba: yana raunana ƙarfen, yana ƙone rufin da ke hana tsatsa, yana kuma iya soke garanti. Ɗaure ƙafa a katakon ƙasan ɗaki kaɗai ba aiki ba ne.

Kafin saye a auna abu uku: tazarar shasi da ƙasa idan motar na ɗauke da kaya, wurin da hannun murɗi zai shiga ba tare da bamba, salansa ko tanki sun tare shi ba, da kuma yadda ƙafar za ta rage tsayin ƙarƙashin motar idan ta naɗe. Na ukun nan ake yawan mantawa da shi. Mota mai dogon baya dama takan goga ƙasa wajen hawa jirgin ruwa ko gangare mai kaifi, abin da aka rataya a can ƙarshe shi zai fara taɓawa. A yi amfani da ƙusoshi masu lambar ƙarfi 8.8 da noti mai kulle kansa, a sake matse su bayan tafiyar farko. Nauyin ƙafafun kuma yana cin wani abu daga kayan da aka yarda motar ta ɗauka.

Waɗanda ake danna maɓalli su ɗaga motar gaba ɗaya fa? Ba iri ɗaya ba ne?

Ba iri ɗaya ba ne. Waɗancan jak huɗu ne masu aiki da matsin mai, an ɗaure su a wurare masu ƙarfi kusa da tayoyi, kowane yana iya ɗaukar tan ɗaya da wani abu ko fiye. An yi su ne don ɗagawa da daidaitawa, kuma suna aiki bibbiyu don kada jiki ya murɗe. Suna da tsada, nauyinsu kuma yakan kai kilo gommai, abin da ba ƙarami ba ne ga motar da iyakarta kilo 3,500. Ko da su, ba a son tayoyin baya su bar ƙasa a wuri mai gangare.

Akwai kuma ƙafafun tokare masu ƙaramin injin lantarki. Injin murɗawa kawai ya ɗauke maka, ƙarfin ƙafar bai ƙaru ba. A karanta takardarsu: idan ba a rubuta cewa na ɗagawa ba ne, to na tokare ne.

Suna taimakawa idan ana iska mai ƙarfi?

Suna rage kaɗawar sosai, barci ya yiwu. Amma ba a ƙasa suke kafe ba, turawa kawai suke iya yi, ba sa riƙe motar idan iska ta nemi ɗaga gefe. Abin da ya fi su amfani shi ne juya kan motar ya fuskanci iskar, a naɗe rumfa, a rufe tagogin sama, a kuma nisanci bishiyoyi.

Akwai inda aka hana sauke su?

Akwai. Wasu ƙasashen Turai suna bambanta fakin da kafa sansani, kuma ƙafafun na cikin abin da ake dubawa. A Italiya, sashe na 185 na dokar hanya ya ce tsayuwar mota mai ɗaki ba ta zama kafa sansani ba muddin tayoyinta kaɗai ke taɓa ƙasa, ba ta zubar da komai, ba ta kuma ci wurin da ya wuce girmanta ba. A Sifen ma umarnin da hukumar kula da zirga-zirga ta fitar a 2008 ya lissafa kayan tokare da na daidaitawa cikin abubuwan da ke fitar da mota daga matsayin fakin. Don haka a gefen titi ko filin fakin na gari a bar su a sama. A sansanin da aka tanada babu matsala.

Ko ba doka, wanda ya tsaya kwana ɗaya a wurin da bai sani ba gara ya bar su, domin idan wani abu ya taso cikin dare zai iya tada mota ya tafi ba sai ya fita waje ba.

Zan ajiye motar wata huɗu ko biyar. In bar su a ƙasa?

Gara a sama, an wanke an shafa giris. Babu mai motsi a ciki, don haka babu abin da za su tokare. Taya kuma tana rage iska a hankali ko ba ta da faci, motar na sauka milimita bayan milimita, nauyin na komawa kan ƙafafun ba wanda ya sani. Idan wurin ajiyar na shan iska har kana son a sauke su, to su taɓa katako kawai ba matsi, kuma duk wata idan ka zo auna iskar tayoyi ka sassauta su, ka hura iskar, sannan ka mayar.